Ɗan Fashin Prague da Asalin Rashin Yarda a Jamhuriyar Czech

Wani mai karatu ya tambaya: me ya sa 'yan Czech da yawa ke yi wa 'yan siyasarsu kallon ɓarayi, alhali ƙasarsu na cikin Tarayyar Turai tun 2004? Amsar ta faro ne daga 1992.

Bayan rushewar mulkin gurguzu a 1989, kusan duk masana'antu na hannun gwamnati. Václav Klaus, ministan kuɗi wanda daga baya ya zama firaminista, ya kawo dabarar rabawa: kowane baligi ya biya kimanin koruna 1,000, ya karɓi ɗan littafin takardu, ya musanya su da hannun jari.

Sai ga wani matashi, Viktor Kožený, da asusun zuba jari da ya laƙaba wa sunan Harvard, ko da yake jami'ar ba ta da hannu a ciki. Ya yi alkawarin duk wanda ya miƙa masa littafinsa zai samu ninki goma cikin shekara guda. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi tururuwa. Daga baya dukiyar asusun ta sulale, shi kuma ya tare a Bahamas, jaridu suka raɗa masa Ɗan Fashin Prague. A 2010 kotu ta yanke masa shekara goma a bayan idonsa.

Magoya bayan Klaus na cewa gaggawa ta zama dole, don kada tsofaffin 'yan gurguzu su farfaɗo. Hujjar ba ta gamsar da ni ba. Sai a 1998 aka kafa hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari, wato an buɗe rumbu shekara shida babu mai gadi.

Abin da ya biyo baya ya ƙara rura wutar rashin yardar ne kawai. A 2012 aka kama gwamna David Rath da koruna miliyan 7 cikin kwalin giya. A 2013 Firaminista Petr Nečas ya sauka bayan samamen 'yan sanda. Attajiri Andrej Babiš ya hau mulki a 2017 da alkawarin yaƙar cin hanci, amma a 2019 kimanin mutum 250,000 suka fito a Prague suna neman ya sauka kan zargin karkatar da tallafin Tarayyar Turai, zargin da ya musanta. Duk da haka jam'iyyarsa ta ANO ta sake lashe zaɓe a 2025.

Raba dukiyar jama'a kafin kafa doka ne ya jawo wannan rashin yarda, kuma fiye da shekara 30 bai warkar da shi ba.