Ƙwari Biyu, Ciki Daban-daban

A shekarun 1880, gonakin lemo na Kalifoniya a Amurka sun kusa ƙarewa. Wani ƙwaro mai farar auduga a baya, wanda ya shigo daga Ostareliya, yana manne wa rassa yana tsotse ruwansu, har wasu manoma suka fara tumɓuke bishiyoyinsu suna ƙonawa. Charles Riley, masanin ƙwari na ma'aikatar noman Amurka, ya yi hasashen cewa a can gidan ƙwaron akwai abin da ke cinsa. A 1888 ya tura Albert Koebele Ostareliya ya nemo.

Abin da Koebele ya aiko shi ne Vedalia, ɗan ƙwaro ja da baƙi wanda bai kai ƙwayar dawa ba. 'Yan ɗaruruwa kawai suka iso. Aka rene su a ƙarƙashin tanti a kan bishiyar da annobar ta kama, aka rarraba wa manoma, kafin ƙarshen 1889 lemo ya farfaɗo. Vedalia ba ya kula wani abinci sai wannan mai auduga da danginsa na kusa. Abincin na raguwa, shi ma sai ya ragu. An ƙara gane darajarsa bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da feshin DDT ya karkashe shi, annobar ta dawo.

Nasarar ta sa kowa neman irinta, kuma a ganina nan aka yi gaggawa. Harmonia, ɗan'uwan Vedalia daga gabashin Asiya, wato Sin da Japan da Saberiya, gwani ne wajen cin darɓa. An sake shi a Kalifoniya tun 1916 bai zauna ba, sai a 1988 aka tarar ya yi kaka-gida a Luwiziyana. A Turai har sayar da shi aka riƙa yi ga manoma, kuma a 2004 ya bayyana a Ingila.

Shi kuwa ba ya zaɓen abinci. In darɓa ta ƙare, sai ya koma kan ƙwai da tsutsotsin 'yan'uwansa na ƙasar da ya sauka, ga shi da jure sanyi irin na mahaifarsa. A Ingila da Beljiyam, jinsin nan mai ɗigo biyu da ya tarar ya ragu ƙwarai. Da kaka yakan shige cikin nonnan inabi ya ɓata ɗanɗanon abin da aka matse, da hunturu kuma ya taru dubbai a tagogin gidajen mutane.