Bayan Rushewar Duniya: Daga Allon Talabijin Zuwa Kwarin Bakolori

A ranar 29 ga Janairun 2023, tashar HBO ta Amurka ta haska kashi na uku na shirin The Last of Us, wanda ke ba da labarin duniya bayan wata annoba ta cinye yawancin mutane. Maimakon gudu da harbi da aka saba gani, sai kashin ya tsaya kan maza biyu, Bill da Frank, da suka ƙulla soyayya suka zauna shekaru a wani gari da kowa ya watse, suna shuka, suna girki, har tsufa ya cim musu. Masu sharhi sun yaba, Nick Offerman da ya fito a matsayin Bill ya samu kyautar Emmy, amma 'yan kallo suka rabu.

Gardamar kala biyu ce. Wasu sun ƙi kashin ne saboda addini da tarbiyya. A nan gida matsayin doka a bayyane yake: Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma Najeriya ta haramta auren jinsi ɗaya a 2014. Wasu kuwa ƙorafinsu daban ne: wai wanda ke neman tsira da ransa ba shi da lokacin ƙauna ko lambu, bindiga da abinci kawai ya sani. Wannan magana ta biyu ce tarihin yankinmu ke da abin cewa a kanta, domin mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun sun san rushewar duniya ba a allo ba.

Tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Tafkin ya haɗiye gidaje da gonakin dubban mutane, aka tashi garin Maradun aka kai shi sabon matsuguni. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu duk shekara. Manoma suka nemi diyya, suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa da Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyuka. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Abin lura shi ne abin da manoman suka tsaya wa harsashi dominsa. Ba hatsin damina ɗaya ba ne. Gona a ƙasar Hausa gado ce, da ita ake aurar da ɗa, kusa da ita kabarin kaka yake. Wanda aka raba da ita an yanke masa igiyar zumunci ne.

Shekara arba'in bayan haka, tarihi ya sake juyowa. A 26 ga Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, a Agusta aka afka wa kwalejin noma ta Bakura, a farkon Satumba aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun. A watan nan aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Abin da ya fi ƙona zukata a lokacin shi ne rashin jin muryar uwa ko miji, har mutane kan yi tafiya zuwa jihohin maƙwabta don kiran waya ɗaya tak.

Don haka marubucinmu da zai rubuta labarin bayan bala'i ba sai ya aro daga Amurka ba, kuma ba sai ya bar tarbiyyarsa ba. Amma idan ya cika shafuka da bindiga ya manta da matar da ke ajiye wa mijinta tuwo ba ta san ko zai dawo ba, to bai faɗi gaskiyar Bakolori ba.