Lokacin da Ƙarar Kano Take Gajiya

Duk wanda ya ce Kano ta da shiru ce, bai san Kano ba. Birnin da ke da maƙera da mabuga, da mahauta masu kalangu, da kasuwa irin Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ba a yi masa shaidar shiru. Shi kansa Rumfa, tarihi ya nuna a zamaninsa aka fara busa kakaki a fadar Kano. Ƙara daɗaɗɗiya ce a garin nan, sai dai irinta ce ta sauya.

Ni ina cikin mutanen da Allah Ya yi wa kunne mai tsananin ji. Idan aka kankare tukunya da cokali, har cikin haƙorana nake jin abin. Gurnanin janareta daga gida na uku yakan hana ni fahimtar mai yi mini magana gaba da gaba. Ranar da na yini a Kantin Kwari, nakan dawo gida da ciwon ɓarin kai. Shi ya sa nake bin tarihin garinmu da kunne.

A tsohon birni kowace ƙara tana da mai ita. Kakaki da tambari na sarki ne, kuma an san lokacinsu: daren Juma'a, ranar Sallah, ko wani babban sha'ani na fada. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma kuwa sai an fita gona. Da safe a ji lugude daga cikin gidaje, kafin rana ta take an ajiye taɓarya. Ladan yakan hau sama ya kira salla da muryar da Allah Ya ba shi, ta isa unguwarsa ta tsaya nan. Sana'o'i ma an san mazauninsu. Marina suna Ƙofar Mata, majema da warinsu suna nasu gefen, maƙera suna nasu. Wanda bai iya jure bugun guduma ba ya san lungun da zai kauce wa.

Babban abin shi ne, duk wannan ƙara daga damtse take fitowa ko daga huhu. Mabugi yakan gaji ya ajiye sandar bugu. Mai algaita numfashinsa yakan ƙare. Komai zafin biki, makaɗi ɗan Adam ne, barci zai ɗauke shi. Ga kuma fili: lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, kuma babban yanki na cikin badala gonaki ne da kududdufai. Sauti yana da inda zai je ya mutu.

Sai gidan kansa. Magina sukan jera tubali su yi bango mai kauri, musamman daga ƙasa, su shimfiɗa azara su rufe da ƙasa, su yi yaɓe da makuba. Taga ƙarama ce, can sama. Daga titi sai ka bi zaure, ka bi shigifa, sannan ka kai cikin gida, kuma ƙofofin ba sa kallon juna. An yi haka ne don sutura da kare zafi, amma hayaniya da hasken rana ma sukan rasa ƙarfinsu a hanya. Ƙanwar mahaifina tana da irin larurata. A tsohon gidanmu, idan ana biki, takan shige ƙuryar ɗakin soro, sai ka ji ana ce wa yara, "Ku bar Goggo ta huta, kanta ne ya motsa." Ba wanda ya san sunan ciwon a asibiti, amma ginin da al'adar sun tanadar mata mafaka. Hatta rawani da amawali, da mayafin mata, suna tare ƙurar hunturu da wari da ƙyallin rana.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1911 jirgin ƙasa ya iso, garin ya fara jin kukan ƙarfe wanda ba huhun mutum ne ke busa shi ba. A 1925 jiragen sama suka sauka a Kano, karo na farko a Nijeriya. Cinikin gyaɗa ya kawo manyan motoci, ya kuma kawo kuɗin da aka sayi kwanon rufi. Kwano ya zama alamar arziki, kuma yana da hujjarsa, domin mai soro kullum damina yana cikin fargabar yoyo da rushewa. Amma ruwan sama a kan kwano yakan hana mutum biyu jin juna a ɗaki ɗaya, da bazara kuma zafinsa ya tilasta a wangale taga. Bulon siminti mai rami a ciki ya maye gurbin tubali, bango ya sirance.

A 1944 aka fara rarraba rediyon waya a Kano, akwati a gida ko a dandali yana magana ba tare da an ga mai maganar ba. Lasifika ta biyo baya, ta shiga masallaci, ta shiga filin siyasa, ta shiga gidan biki. Injin niƙa da na markaɗe suka karɓi aikin turmi da dutsen niƙa. An kafa NEPA a 1972, amma wutar ba ta wadatar ba, sai janareta ya shiga shaguna da tsakar gidaje. Bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo tsarin SAP na 1986, acaɓa ya cika titi. Da aka hana shi a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ya gaje hanyar da hon ɗinsa. Yau mai tallar magani yakan ɗora lasifika a kan mota ya kunna murya guda tana maimaita kanta daga hantsi har magariba. Inji ba ya gajiya, sai dai mai ya ƙare ko batir ya mutu.

Likitoci sun san wannan larura ta kasa jure sautin da wasu ke ɗauka ba komai ba. Ana ganinta a masu ciwon ɓarin kai, da yara masu otizam, da waɗanda suka bugu a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa kada ƙarar ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30, kuma masana sun daɗe da gargaɗin cewa yini a cikin desibel 85 yana cin kunne sannu a hankali. A Nijeriya hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a 2009. A unguwa kuwa, abin da muke ji shi ne "ka cika raki", ko "iyayi ne kawai", yaron da ya toshe kunne yana kuka kuma a ce iska ce ta taɓa shi. Na taɓa roƙon wani mai injin niƙa da ke jikin bangonmu, ya ce mini, "Malam, sai haƙuri, da shi nake ci da iyali." Gaskiya ya faɗa. Injin nan ya raba iyayenmu mata da kantar hannu, lasifika ta kai karatu ga tsohuwar da ba ta iya fita. Ba mai hankalin da zai ce a koma jiya.

Abin da za a iya ɗaukowa daga jiya shi ne iyaka. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun daɗe da tattauna cutar da maƙwabci ta hanyar hayaƙi da wari da girgizar bango. Wani magini na Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi tun ƙarni na 14, har da batun maniƙa da ke jingine da gidan wani. Ashe haƙƙin maƙwabci a kan kunnensa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Tun da inji ba zai gaji da kansa ba, mutane ne za su gajiyar da shi. Mai unguwa da limami suna iya zama da masu inji da masu kiɗan biki a tsayar da lokacin kashewa. Ana iya juya bakin lasifika ta kalli jama'ar da suka taru, a rage ta daidai yawansu. Gidajen da suka koma sola sun riga sun sauke wa maƙwabta nauyin dare. Mai shirin gini kuma ya tambayi magini yadda za a kaurara bango a yi silin, a bar ɗaki ɗaya nesa da titi. Kusan kowane babban gida yana da mai buƙatar wannan ɗakin, ko jariri, ko majinyaci, ko irinmu da aka haifa haka.