Open Grid Forum: Zauren da Ya Koya wa Kwamfutoci Aiki Tare

A watan Disamba na 1995, a babban taron masana manyan kwamfutoci da aka yi a San Diego ta ƙasar Amurka, wasu masu bincike suka gwada abin da ba a saba gani ba. Suka ɗinke cibiyoyin kwamfuta 17 da ke warwatse a Arewacin Amurka da layukan sadarwa masu sauri, suka sa su aiki kamar inji guda na 'yan kwanaki. Sunan gwajin I-WAY. Ayyukan bincike kusan 60 aka gudanar a kansa, taro ya watse, aka kwance haɗin. Ian Foster da Steve Tuecke na cibiyar bincike ta Argonne suna cikin waɗanda suka rubuta manhajar wannan ɗinki, kuma sun ga inda gizo yake saƙa. Wayoyi da injuna sun ba su haɗin kai. Abin da ya wahalar da su shi ne kowace cibiya tana da hanyarta ta tantance mai shiga, da tsarinta na jera ayyuka a layi, da dokokin da masu ita suka gindaya.

Daga wannan wahala Foster da Tuecke suka haɗa kai da Carl Kesselman suka ƙirƙiro manhajar Globus, kuma a 1998 Foster da Kesselman suka fitar da littafin da ya yaɗa kalmar girid a duniyar bincike. Manufar ita ce a haɗa kwamfutoci da rumbunan bayanai mallakar hukumomi daban-daban, kowa yana riƙe da nasa, babu wanda ya miƙa wuya ga wani, amma mai bincike ya iya tura lissafinsa ya gudana duk inda ake da sarari. Jami'ar da injinta ke zaman banza da dare sai ta ara wa wadda gari ya waye mata a wata nahiyar.

Sai dai ba su kaɗai suka yi wannan tunani ba. Jami'ar Wisconsin tana da manhajarta mai suna Condor tun ƙarshen shekarun 1980. Jami'ar Virginia tana da Legion. Jamusawa suka fara UNICORE a 1997. Daga baya ƙasashen arewacin Turai suka fito da ARC, babban shirin Tarayyar Turai na EGEE kuma ya fito da gLite. Kowace tana aiki lafiya lau a gidanta, amma aikin da aka tsara wa wannan, waccan ba ta san kansa ba. An fita neman haɗin kai sai ga shi an ƙare da tsibirai.

A taron masana na watan Nuwamba 1998 a Orlando aka fara zaman tattauna wannan matsala. Foster da Bill Johnston suka kira cikakken taro a watan Yuni 1999 a cibiyar Ames ta hukumar NASA a Kalifoniya, mutum kusan ɗari suka halarta, aka sa wa ƙungiyar suna Grid Forum, Charlie Catlett ya zama shugabanta na farko. Turawa da masanan Asiya suna da irin nasu zaurukan, to da aka ga ana maimaita aiki ɗaya a wuri uku sai aka dunƙule. Sabuwar ƙungiyar, Global Grid Forum, ta yi taronta na farko a Amstadam a watan Maris 2001, daga nan ta riƙa zama sau uku a shekara, tana zagaya nahiyoyi.

Tsarin aikinta ne ya fi burge ni, kuma aro ta yi daga IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet. Duk mai ilimin abin zai iya shiga kwamitin aiki. Ana rubuta daftari, a baza shi kowa ya yi masa gyara a fili, sannan a buga shi da lamba a jerin takardun da ake kira GFD, kyauta ga duk mai so. Akwai kuma sharaɗi mai nauyi: daftari ba ya zama cikakkiyar ƙa'ida sai an sami aƙalla ƙungiyoyi biyu da ba su da alaƙa, kowace ta rubuta manhajarta bisa takardar, an haɗa su sun yi aiki tare. Idan sun kasa jituwa, takardar ce ke da giɓi, a koma a gyara ta.

Mutumin Kankiya ko Kusada da ya taɓa awon hatsi ya san asalin wannan magana. Ɗan kasuwa ya sayi gero a ƙauye da tiya, ya kai kasuwar Dawanau ya sayar da wani ma'aunin, idan ba a san tiya nawa ke cika buhu a nan da can ba, ciniki ya zama gardama, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke kwana ciki. Ba a buƙatar kowa ya sayi kwanonsa a shago ɗaya. Ana buƙatar a yarda da girman kwanon, a kuma bayyana shi yadda kowane maƙeri zai iya ƙera irinsa. Aikin wannan zaure ke nan, kuma shi ya sa ake kiran ƙa'idojinsa buɗaɗɗu.

Ƙa'idojin kansu, in an fayyace su, abubuwa ne da hankali ke kamawa. GridFTP, wadda aka buga a 2003, ta tsara yadda za a kwashe manyan bayanai daga rumbu zuwa rumbu ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, idan layi ya yanke kuma a ci gaba daga inda aka tsaya. JSDL ta 2005 ta tsara yadda mai bincike zai bayyana aikinsa: wace manhaja za a kunna, ƙwaƙwalwa nawa take ci, ina za a ɗauko bayanai, ina za a ajiye sakamako. BES ta 2007 ta tsara yadda za a miƙa aikin, a tambayi halin da yake ciki, ko a soke shi. GLUE kuwa ta cibiya ce, da ita take shelar abin da ta mallaka: injuna kaza, rumbu mai girma kaza, layi ya cika ko da saura. Masanan Turai da na Amurka ne suka faro ta a 2002, zauren ya buga sigarta ta biyu a 2009.

Wadda ta fi su wuya ita ce amana. Ta yaya cibiya a Japan za ta buɗe injinta ga mutumin da ba ta taɓa gani ba daga Italiya? Aka bi hanyar takardar shaida ta lantarki, wadda wata hukuma a ƙasar mutum ke ba shi bayan ta ga fuskarsa da katinsa. To amma wa zai tabbatar da ita hukumar? A watan Oktoba 2005 ƙungiyoyin masu ba da shaida na Turai da na nahiyoyin Amurka da na Asiya da Fasifik suka haɗu a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna IGTF, suka amince da mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowace hukuma za ta cika kafin sauran su karɓi shaidarta. A ganina wannan ya fi kowace manhaja daraja, domin yarjejeniya ce tsakanin mutane a kan wa za a yarda da shi, kuma tana aiki har yau.

Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. A 2002 aka shelanta babban tsari mai suna OGSA, wanda zai ɗora girid a kan fasahar da kamfanoni ke amfani da ita a yanar gizo. Aka fitar da ƙa'idarsa ta farko, OGSI, a 2003. Manyan kamfanoni ba su gamsu da ita ba, a watan Janairu 2004 aka sanar da wata a madadinta, WSRF, aka kuma kai aikin wata ƙungiyar daban, OASIS. Waɗanda suka yi saurin gini a kan ta farkon sai da suka sake lale. Wannan ya rage wa zauren kwarjini, kuma ya nuna illar rubuta ƙa'ida tun kafin aiki ya nuna abin da ake bukata. Masu gudanar da girid na yau da kullum, irin su EGEE da TeraGrid da Open Science Grid da NAREGI ta Japan, suka gaji da jira, daga ƙarshen 2005 suka kafa rukunin GIN a cikin zauren don su haɗa tsarukansu da abin da ke hannu, ko da faci ne. Daga wannan facin aka gane ainihin wuraren da ke bukatar ƙa'ida.

'Yan kasuwa su ma sun ja nasu zaren. Kamfanin Oracle ya riga ya sa harafin g a sunan manhajarsa ta 10g don nuna girid, kuma a watan Afrilu 2004 shi da wasu irin su HP da Sun da Intel suka kafa Enterprise Grid Alliance, mai kula da bukatun cibiyoyin bayanai na kamfanoni. Zaure biyu a kan abu ɗaya bai yi wa kowa amfani ba. A watan Yuni 2006 suka haɗe suka zama Open Grid Forum, OGF a taƙaice, Mark Linesch na HP ya shugabance ta.

A wannan shekarar ce kuma Amazon ya fara ba da hayar rumbu da kwamfuta ta intanet, S3 a watan Maris, EC2 a watan Agusta. Mai katin banki zai hayi inji cikin mintuna ba tare da takardar shaida ko kwamiti ba. Kamfanoni suka karkata can, tarukan OGF suka riƙa ƙanƙancewa. Zauren ya bi sawu, a 2011 ya fitar da OCCI, buɗaɗɗiyar ƙa'idar sarrafa injunan haya, ya kuma yi NSI don tsara manyan layuka tsakanin hanyoyin sadarwar jami'o'i, da DFDL don bayyana siffar kowane irin fayil. Amma kasuwa ta fi bin tsarin Amazon, kuma wanda ya zuba bayanansa a can ya san tsadar kwashe su.

Inda girid ya cika alƙawarinsa shi ne kimiyya. Cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, mai injin karo da ƙwayoyin zarra a ramin da kewayensa ya kai kilomita 27, ba ta iya tace bayananta ita kaɗai. Ta raba aikin ga cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe sama da 40, masu manhajoji mabambanta. Da wannan haɗaka aka tace bayanan da suka kai ga sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli 2012. Daga baya, a 2018, masu Globus suka daina kula da tsohuwar manhajarsu, masu amfani da ita suka karɓe ta suka ci gaba, CERN ma ta riƙa sauya GridFTP da sababbin hanyoyi. Sauyin ya yiwu ba tare da rushewa ba saboda abin da ake maye gurbinsa a rubuce yake, kowa ya san aikinsa.

Afirka ta shigo a makare, amma ta shigo. Shirin haɗin gwiwar UNESCO da HP ya kai girid Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar da Jami'ar Najeriya ta Nsukka, Afirka ta Kudu kuma tana da cibiyar manyan kwamfutoci a Cape Town da ke karɓar aikin CERN. A 2010 aka yi rajistar WACREN a Accra don haɗa hanyoyin sadarwar jami'o'in Yammaci da Tsakiyar Afirka. A Najeriya aka ƙaddamar da NgREN a 2014 da tallafin Bankin Duniya, ta fara da tsofaffin jami'o'in tarayya 27, ciki har da Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko da yake kuɗin gudanarwa ya riƙa yi mata cikas bayan tallafin ya ƙare.

Mu dawo gida, mu ga inda wannan ya shafe mu. Kankiya tana kan titin Kano zuwa Katsina, Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da aka kafa a 2011 tana maƙwabtaka da ita, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Alƙalam suna Katsina. Akwai yaran Kankiya da Kusada a cikin azuzuwan kwamfuta na waɗannan makarantu. Tambayoyin da suka dame mu, irin hasashen saukar damina, da irin geron da zai jure fari, da bin sawun cutar sanƙarau, duk masu cin lissafi ne, kuma sayen babban inji da ciyar da shi wuta ya fi ƙarfin jami'a ɗaya a halin da ake ciki. Abin da ke hannun jami'o'in nan shi ne su yi amfani da NgREN, su kafa tsarin tantance malamai da ɗalibai da sauran jami'o'i za su karɓa, kuma duk lokacin da za a sayi manhaja a tambayi ɗan kwangila ko za a iya fitar da bayanan a kai wani wuri. Takardun GFD suna nan kyauta. Malami a Dutsinma zai iya ba ɗalibin shekarar ƙarshe JSDL ya rubuta manhajar da ke karanta ta, abokin aikinsa a Bayero ya ba nasa ɗalibin ita ma, a ƙarshen zango a tura aiki daga wannan injin zuwa wancan a ga ko zai gudana.