Daga Gajeren Zango Zuwa FM: Wa Muke Saurare?



Dattawanmu a nan Komah suna tuna lokacin da akwatin rediyo ɗaya ke tara unguwa guda. An buɗe Rediyo Lome a 1953, Rediyo Kara kuma a 1975, dukansu na gwamnati ne, kuma Faransanci ya fi yawa a cikinsu. Mai son jin Hausa sosai sai ya murɗa gajeren zango. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, na Jamus ya biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Amma wadda ta fi shiga zukata ita ce Rediyo Kaduna, da aka kafa a 1962. Tana da labarai, tana da Zaɓi Sonka na gaishe-gaishe, sannan ga tafsirin azumi. Daga Masallacin Sultan Bello ake ɗauko karatun Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, daga baya aka ƙara da na Sheikh Ɗahiru Bauchi. Alaramma ya ja baki, malam ya fassara. Fahimtarsu ta sha bamban, amma kowannensu an san malamansa da inda ya yi karatu.

Bayan 1990 aka ba 'yan kasuwa da ƙungiyoyi damar buɗe tashoshi a Togo. FM ta iso Sokode da Dapaong, aka riƙa jin Kotokoli da Moba, ga sanarwar rasuwa da ɗaurin aure. Da wayar hannu ta yawaita, sai shirin kira kai tsaye ya bunƙasa. Alheri ne babba: matar da ba ta zuwa zaure ta samu hanyar tambaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mai gabatarwa yana neman amsa cikin minti biyu, alhali mas'alar saki ko rabon gado tana buƙatar a ji kowane ɓangare. Aure na iya mutuwa a kan amsar da aka ba rabin labari.

Ku saurara, ku ƙaru, amma ku binciki wanda ke magana: a wurin wa ya yi karatu? Abin da ya shafi gidanka kuwa, ka kai shi gaban malam, ido da ido.

Allah Ya sa mu dace, amin.