GISHIRIN DA BA A GANI: TARIHIN ƘANANAN KALMOMI A ƘAGAGGUN HARSUNA

Wata rana da yamma, bayan an sauko daga sallar La'asar, muna zaune a ƙofar gida a Tumfure sai ga wasu 'yan mata ƙanana guda biyu sun tsayar da mai rake. Bayan sun taya ya sallama, sai babbar ta laluba bakin zane, ta dubi ƙanwarta ta ce, "Ɗiku fa buba." Ƙanwar ta ce, "Mu fita dagi dai." Zaurance ne irin na juya gaɓa, wato kuɗi fa babu, mu tafi gida dai. Mai rake bai nuna ya iya zaurance ba, amma da jin wannan "fa" da yadda aka ja ta, sai ya mayar da wuƙarsa kube ya tura baro ya yi gaba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, yaran sun lulluɓe suna da aikatau, amma "fa" da "dai" da "mu" sun fito tsirara, domin kalma mai gaɓa ɗaya ba ta juyuwa. Ko a ɗaya nau'in zaurancen, wanda ake cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, ƙaramar kalmar tana nan a mazauninta, riga kawai aka sa mata. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin yadda masu ƙago harsuna, musamman don labaran almara da ƙagaggun labaran kimiyya, suka yi ta fama da irin waɗannan kalmomi tsawon ƙarnuka.

Kafin nan, ya kamata mu san abin da muke magana a kai. Hausawa kan kira su gishirin Hausa, har ma wata manazarciya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta sa wannan suna a kan littafin da ta rubuta game da su. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya ware guda shida: fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam. Mu a nan za mu faɗaɗa da'irar ta haɗa da wai, ashe, ai, mana, da dirka, wato ne da ce. Mai karatu ya gwada wannan da bakinsa: ya zo, ya dai zo, ya fa zo, ya ma zo, wai ya zo, ashe ya zo. Mutum ɗaya ne, zuwa ɗaya ne, amma a jimla ta biyu ba mu gamsu da zuwan ba, a ta uku muna gargaɗi, a ta biyar mun zare hannunmu daga labarin, a ta shida kuma mamaki ya kama mu. Ba abin da waɗannan kalmomi ke nunawa a duniya wanda za a taɓa da hannu. Matsayin mai magana suke nunawa, da abin da ke tsakaninsa da mai saurarensa. Shi ya sa ɗalibi zai iya fassara "doki" cikin ƙiftawar ido, amma a ce ya fassara "dai" sai ya fara susar ƙeya.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙagaggun harsunan da suka iso gare mu a rubuce shi ne na Hildegard ta Bingen, wata malamar addinin Kirista a ƙasar Jamus wadda ta rasu a 1179. Ta bar jerin kalmomi kimanin dubu, kusan dukkansu sunaye ne: na Ubangiji, na mala'iku, na sassan jiki, na itatuwa da tsuntsaye. A ɗan gajeren rubutun da aka samu ta yi amfani da su, kalmomi biyar ne kawai nata, sauran jimlar da duk abin da ya ɗaure ta Latin ne. Bisa ga dukkan alamu, abin da yaran Tumfure suka yi wa Hausa shi ta yi wa Latin. A duniyar Musulmi kuwa an ɗara haka. A ƙarni na 16 aka sami Balaibalan, harshen da masana da dama ke jinginawa ga wani sufi mai suna Muhyi Gulshani, haifaffen Edirne ta ƙasar Turkiyya wanda ya zauna a Alƙahira. An rubuta shi da haruffan Larabci, kuma bai tsaya ga ƙamus ba, yana da nahawunsa wanda ya tsakuro daga Larabci da Farisanci da Turkanci.

Ƙarni na 19 shi ne zamanin masu son haɗa kan duniya da harshe guda. Johann Schleyer ya fito da Volapük a 1879, sannan wani likitan ido, L. L. Zamenhof, ya buga littafin Esperanto a birnin Warsaw a 1887. Ba don almara aka yi su ba, saboda haka ba za mu daɗe a kansu ba, sai dai akwai abu ɗaya da bai kamata ya wuce mu ba. Zamenhof ya aro kalmar tambaya ĉu daga harshen Polan, tana yin aikin da "shin" ke yi mana. Amma da ya zo kan haruffan da ke nuna wuri da lokaci da dalili, ya ga ko ya ƙirƙiro nawa sai wani gurbi ya saura, sai ya ƙago je, wadda da gangan bai ba ta tsayayyar ma'ana ba, don a jefa ta duk inda sauran suka kasa. A ganinmu wannan amsa laifi ne cikin hikima: mutumin da ya tsara harshe da ma'auni ya yarda cewa akwai lungun da ma'auni ba ya shiga.

J. R. R. Tolkien, malamin harshe a Jami'ar Oxford, shi ne ya kai abin cikin adabi sosai. Abin sha'awa, shi ma da zaurance ya fara. Tun yana yaro 'yan'uwansa ke wasa da wata maganar asiri da ake musanya kalmomi da sunayen dabbobi, daga bisani shi da ɗaya daga cikinsu suka ƙago wata suka kira ta Nevbosh. Wajen 1915 ya fara gina harshen da ya zama Quenya, wanda ya sha ƙamshin harshen Finlan, sai kuma Sindarin mai kama da harshen mutanen Wales. Shi da kansa ya sha faɗa cewa harsunan ne suka riga labarin, wato littafin The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955 gida ne ya gina musu. To amma duk da gwanintarsa wajen sunayen taurari da duwatsu da takubba, takardun da ya bari bayan rasuwarsa a 1973 sun nuna ya yi ta kai da komowa a kan yadda Quenya zai yi korewa. Kalmar lá, wadda a yawancin rubutunsa take nufin a'a, akwai lokacin da ya mayar da ita i. Shekara fiye da hamsin yana gini, ƙaramar kalma ce ta hana shi barci.

A shekarun 1980 ne aka fuskanci matsalar gaba da gaba, kuma a Amurka. Marc Okrand, wanda ya yi digirinsa na uku a kan Mutsun, wani harshen 'yan asalin Kalifoniya, ya tsara harshen Klingon don fim ɗin Star Trek na uku a 1984, ya kuma buga ƙamusunsa a 1985. Da yake mayaƙa ne marasa son kwana-kwana aka ba shi ya yi wa baki, sai ya tattara gishirin ya liƙa wa aikatau a matsayin ɗafa-ƙeya: -bej na tabbaci, -law' na ga alama, -neS na girmama wanda ake yi wa magana. Wadda ta fi burge mu ita ce Suzette Haden Elgin, wadda ta ƙago Láadan a 1982 ta kuma sa shi cikin littafinta Native Tongue na 1984, da nufin samar da harshen da zai ɗauki abin da mata ke ji. A Láadan jimla kan buɗe da wata 'yar kalma mai nuna ko bayani ne, ko tambaya, ko roƙo, ko alkawari, ko gargaɗi, ta kuma rufe da wata mai nuna inda mai magana ya samo zancen. Wa na nufin da kaina na gani ko na ji, we na nufin a mafarki ne. Wáa na nufin an gaya mini kuma na amince da mai faɗar, waá kuma an gaya mini amma ban yarda da shi ba. Karin sauti kaɗai ya raba biyun nan, abin da ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Mu da "wai" guda ɗaya muke yin aikin duka biyun, murya da fuska su cike sauran. Waɗanda suka biyo baya, irin su Paul Frommer mai harshen Na'vi na fim ɗin Avatar a 2009, da David Peterson mai Dothraki a 2011, sun tarar da hanya a share. Frommer har ɗafa-ciki ya sa wa aikatau mai nuna ko mai magana yana farin ciki da abin da yake faɗa ko yana takaici.

To, mu fa? Adabinmu bai rasa aljanu da baƙin duniyoyi ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma a dukkansu jarumin ya yi hulɗa da aljanu. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Amma da Hausa aka rubuta duk hirarrakin nan, kuma ba mu ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin al'adar tatsuniya suka gada, inda kura da zaki ke magana da bakinmu. Gizo kansa, da tsamin bakinsa mai mayar da sarki "sayki", sauti kawai ya ɓata, "fa" da "mana" ɗinsa lafiya lau suke, da su ma yake yaudara. Inda muke da ƙorafi shi ne bokan fim da aljaninsa, waɗanda ake sa su surutai marasa kan gado, ba jimla ba tsari, a ce harshen aljanu ke nan. Ko Hildegard ta wuce nan shekara ɗari takwas da suka shuɗe. A wajen almara kuwa, Nijeriya ta ga Guosa, wanda Alex Igbineweka ya fara a 1965 da kalmomin Hausa da Yarbanci da Ibo, amma bai zama harshen kasuwa ba.

Harshen kasuwa a nan Hausa ce, kuma Tumfure makaranta ce ga mai kunne. A bakin titin Bauchi za ka ji Bafulatani da Batangale da Batere da Bawaje suna ciniki da ita. Da yawa sun yar da "ce", komai "ne" ne, kamar yadda Barikancin sojan mulkin mallaka ya yar da jinsi tun da can, kuma ko a karin harshen Bauchi bambancin jinsin ya yi rauni. Amma ba wanda ya yar da "dai" ko "ai" ko "kam". Hasali ma ƙaura suke yi: "sai" ta shiga Fulatanci ta zama sey, "fa" da "ba" kuma sun yi kaka-gida a ƙarshen jimlolin Turancin ɗalibanmu.

A zangon da ya wuce wani ɗalibinmu ya kawo mana rubutun wani labari da yake so a buga a wannan mujalla, game da wata al'umma da ke zaune a ƙarƙashin kogin Gongola. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, har ya haɗa da ƙamus na shafi uku: sunan sarkinsu, na kifayensu, na makamansu, na watanninsu. Muka karanta muka yaba. Sannan muka nuna masa wurin da jakadiya ta kawo wa sarauniya labarin mutuwar ɗanta, labarin da ita jakadiyar ba ta gani da idonta ba, muka tambaye shi yadda za ta ce "wai" da harshensu. Ya buɗe ƙamus ɗin, ya bi shafi ukun da yatsa har ƙasa, sannan ya naɗe takardunsa ya ce a ɗaga masa ƙafa zuwa fitowa ta baɗi.