Daga Ƙamus Zuwa Baki: Yadda Magabatanmu Suka Koyi Turanci



Duk lokacin da sakamakon WAEC ya fito, kuka ɗaya muke ji a gidajenmu na Jalingo: yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, Turanci ya riƙe shi. Ba kiredit a Turanci, ba shiga jami'a, ko da Jami'ar Jihar Taraba ce da ke nan cikin garinmu tun 2008. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi yadda na gaba suka yi.

Ƙamusoshin farko ba don mu aka rubuta su ba. Na Schön da ya fito a 1876, da na Bargery na 1934 mai kalmomin Hausa kusan 39,000, an yi su ne domin Bature ya koyi Hausa. Amma dubi abin da Bargery ya yi: bai tsaya kan ma'ana kaɗai ba, sai da ya nuna karin sautin kalma, domin ya san Bature zai iya cewa fari na launi alhali farin rashin ruwa yake nufi. Daga baya, a 1965, Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, wanda ya juya akalar zuwa ga Bahaushe mai neman Turanci.

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da baki. Ɗalibi zai san ma'anar kalma, sannan ya yi ta maimaita ta a gaban malami har lafazinta ya zauna. A can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, mutumin da duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1960.

Harshenmu yana da nasa hali. Shi ya mayar da table tebur, ya mayar da hospital asibiti. Wannan ba aibi ba ne, arzikin Hausa ne. Sai dai a ɗakin jarrabawa, yaron da bai bambance pan da fan ba zai yi asarar maki a takardar furuci, ko da ya haddace ma'anarsu.

Jalingo gari ne da Bafulatani da Bamumuye da Bajukune ke ciniki da Hausa, don haka yaranmu ba su cika jin Turanci a waje da aji ba. Gyaran yana gida. Kalma biyar a rana ta isa: yaro ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya saurari furucinta a waya, ya furta da ƙarfi, ya sa ta cikin jimla. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.